GYAMBON CIKI DA MAGUNGUNAN ITATUWA A FAGGE DA SABON GARI

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Na tashi a Fagge, a gidan da ba a rasa kwalbar jiƙo a bayan randa. Kwalbar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, wanda ɗinki ne sana'arsa. Tun ina ƙarami na san shi da ciwon ciki. Idan dare ya raba, ko kuma hantsi ya yi bai karya ba, sai ka ga ya dafe ƙahon zuciya yana cije leɓe. Daga nan sai ya tsiyayi jiƙon sassaƙen marke da 'yar jar kanwa ya kurɓa, ya yi gyatsa, ciwon ya lafa, ya koma kan kekensa. Ya fi shekara 20 a haka. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a shago, bayan ya kwana biyu yana bayan gida baƙi ƙirin bai gaya wa kowa ba. A asibiti aka ƙara masa jini, aka kuma gano wata ƙwayar cuta a tumbinsa. Aka ɗora shi a kan magani na mako biyu, ciwon ya tafi, bai sake dawowa ba har Allah ya karɓi abinsa cikin tsufa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jiƙon Kawu bai yi masa ƙarya ba, domin kuwa yana kwantar da ciwon. To, me ya hana shi warkar da shi? Wannan tambaya ita ce ta haifar da wannan maƙala. A cikinta zan yi ƙoƙarin bayyana yadda Fagge da Sabon Gari suka zama mahaɗar magunguna, da ƙwayar cutar da take haddasa yawancin gyambon ciki, da itatuwan da muka gada domin maganinsa, sannan da abin da binciken zamani ya tabbatar game da su.

2.0 Fagge da Sabon Gari a Matsayin Mahaɗar Magunguna

Fagge ta samo asali ne a matsayin zangon fatake a bayan ganuwar Kano, kuma tarihin baka yana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. A nan ayarin Buzaye yake sauke raƙuma da gishirin Bilma da dabino. Kanwa kuwa tana zuwa ne daga ƙasashen Barno da Manga. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya lissafa kanwa cikin manyan hajojin da suke ratsa birnin zuwa ƙasar Nufe. Duk inda fatake suka sauka, magani yakan sauka tare da su, domin matafiyi ba ya rabo da guzurin maganin ciki.

Sabon Gari kuwa an kafa ta ne wajejen 1913, bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Yarbawa suka zo da jiƙonsu da suke kira agbo, wanda matansu suke talla a robobi. Ibo kuma suka yi fice a sayar da magungunan Turawa, har Kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ta zama wurin sarin magani ga Arewa da maƙwabtanmu na Nijar. Daga baya sai ga shagunan Islamic kemis, masu sayar da zuma da habbatus sauda da man zaitun. Ke nan mai ciwon ciki a wannan yanki yana da ƙofofi aƙalla huɗu a tafiyar da ba ta wuce ta ƙafa ba: 'yar mai ganye ko ɗan magori, mai agbo, mai Islamic kemis, da mai kemis. Sau da yawa sai ya zaga su duka kafin ya taka ƙofa ta biyar, wato asibiti.

Wannan ilimi na itatuwa ba a baka kaɗai ya tsaya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da wani na musamman a kan basir. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Masana sun sa wa itacen hano sunansa, suna kiransa Boswellia dalzielii. Har ila yau, Nina Etkin da Paul Ross sun zauna a wani ƙauye a ƙasar Wudil a 1975 zuwa 1976, inda suka lura cewa da yawa daga tsirran da Bahaushe yake maganin ciki da su, su ne kuma yake ci a miya da kwaɗo da kunu.

3.0 Ciwon Ciki a Idon Bahaushe

Bahaushe bai yi wa ciwon ciki kuɗin goro ba. Ya rarrabe tsakanin ƙwannafi da kumburin ciki da murɗa da ƙabar ciki da zawo da atini da basir da tsutsar ciki. Wanda yake ci kamar wuta a ƙahon zuciya, ya soki baya, ya tsananta da yunwa, shi ne gyambon ciki, wanda yanzu aka fi kira olsa. Dangane da musabbabi kuwa, akan ɗora laifin a kan yunwa, ko yawan yaji, ko maiƙo, ko dattin ciki, ko yawan tunani. Idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a fara zargin sammu.

Kada mai karatu ya yi wa magabata dariya a kan wannan. Har zuwa wajejen 1980, likitocin Turai da Amurka ma sun yi imani cewa damuwa da yawan asid ne suke kawo gyambon ciki. Sukan ba da maganin rage asid, gyambon ya rufe, bayan 'yan watanni ya sake buɗewa. Lurar da Bahaushe ya yi daidai ce, domin yunwa da yaji suna tayar da zafin gyambon da yake akwai. Sai dai ba su ne suke haƙa shi ba.

4.0 Ƙwayar Cutar da Take Zaune a Tumbi

A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rainon wata ƙwayar bakteriya da suka samo daga tumbin marasa lafiya. Takwarorinsu suka ƙi yarda, domin an ɗauka babu halittar da za ta rayu a cikin asid ɗin tumbi. Ganin haka, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya raini ƙwayar a ciki. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, gwaji ya nuna tumbinsa ya yi kumburi. Wannan ƙwaya ita ake kira Helicobacter pylori, kuma saboda gano ta aka ba su kyautar Nobel a 2005.

Yadda take rayuwa abin mamaki ne. Allah ya lulluɓe bangon tumbi da wata majina mai kauri domin kada asid ya ci shi. Ita wannan ƙwaya a murɗe take kamar igiya, tana da 'yan wutsiyoyi da take iyo da su, sai ta nutsa cikin majinar ta laɓe. Bugu da ƙari, tana fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda yake samar da amoniya a kewayenta, ya kashe kaifin asid. Wato dai ita ma kanwarta take jiƙawa. Zamanta a wurin yana jawo kumburi, kariyar bangon ta yi rauni, asid ya samu hanya ya ƙwaƙule tumbi ko bakin ƙaramin hanji. Wannan rami shi ne gyambon. Idan ya ci ya tarar da jijiyar jini, sai a ga aman jini ko baƙin bayan gida irin na Kawu. Idan ya huda bangon gaba ɗaya, sai tiyata ta gaggawa.

Galibi tun yarinta ake kamuwa da ita, ta hanyar miyau da amai da ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, musamman a gidajen da suke da cunkoso. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita. A Arewacin Nijeriya abin ya fi haka. Binciken da likita C. Holcombe da abokan aikinsa suka yi a Barno, wanda aka buga a 1992, ya sami alamarta a jinin kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Wani kuma da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka buga a 2018, ya same ta a sama da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon ciki da aka duba. Duk da haka, mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Kimanin mutum 1 ko 2 cikin 10 ne suke yin gyambo, 1 zuwa 3 cikin 100 kuma takan kai su ga dajin tumbi. Saboda haka ne a 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo daji.

Ya kamata a sani kuma, akwai musabbabi na biyu, wato yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda 'yan dako da leburori da tsofaffi masu ciwon gwiwa suke sha kamar gyaɗa.

5.0 Maganin Asibiti da Matsalar Bijirewa

Magani ɗaya ba ya kashe wannan ƙwaya. Likita yakan haɗa maganin rage asid, kamar omefirazol, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu, kamar amoksisilin da kilaritiromaisin. Wani haɗin kuma guda huɗu ne, har da bismut da tetirasaikilin da metironidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Ana sha ne kwana 14 ba fashi.

A nan ne gizo yake saƙa. Mun saba da shiga kemis mu sayi kafso biyu ko uku, da mun ji sauƙi mu daina. Duk zawon da ya taso kuma, sai Flagyl. Wannan shan rabi da rabi yana kashe raunanan ƙwayoyin ne kawai, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har maganin ya daina yi musu komai. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da take Yaba a Legas ta sa hannu a ciki, ya tarar kusan dukkan ƙwayoyin da aka samo daga marasa lafiya 'yan Nijeriya sun bijire wa metironidazol. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan ƙwaya cikin jerin waɗanda ake buƙatar sababbin magunguna dominsu. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa suka rufe shagunan magani fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewayenta, aka umarci dillalai su koma cibiyar sari ta Dangwauro a hanyar Zariya, domin a riƙa sanin abin da ake sayarwa da yadda ake ajiye shi.

Bijirewar ƙwayoyin cuta da tsadar magani su ne suka sa masana a duniya suka sake waiwayar itatuwa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ji da shi a yau daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade aka fitar da shi a ƙasar Sin, har aka ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015 saboda shi.

6.0 Itatuwanmu da Sinadaran da Suke Cikinsu

6.1 Masu bauri

A wannan rukuni akwai bagaruwa da marke da sabara da baushe da kandare. Duk wanda ya tauna ɗan bagaruwa ya san yadda baki yake ɗaurewa. Wannan bauri aikin wani sinadari ne da masana suke kira tanin, kuma shi ne majeman Kano suke jeme fata da shi tun kaka da kakanni. Yadda yake ɗaure fata ya hana ta ruɓa, haka yake ɗaure fatar hanji ya rage tsiyayar ruwa. Shi ya sa ake ba mai zawo da atini sabara ko bagaruwa. A ɗakin gwaje-gwaje an ga ruwan waɗannan itatuwa yana hana bakteriya iri-iri yaɗuwa. Saiwar kandare, wadda masana suke kira Terminalia macroptera, an gwada ta a kan ita wannan ƙwaya ta tumbi a wani bincike da aka buga a 2012, aka ga tana hana ta girma.

6.2 Masu ɗaci

Maɗaci da darbejiya da tafashiya da shuwaka su ne jagororin wannan rukuni. Bahaushe yana ganin ɗaci yana wanke dattin ciki, ya buɗe cin abinci. Abin lura a nan shi ne darbejiya baƙuwa ce. Daga Indiya asalinta yake, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Barno. Cikin ƙasa da ƙarni guda ta zama 'yar gida a maganinmu. Wannan ya nuna maganin gargajiya bai taɓa rufe ƙofarsa ga sabon ilimi ba.

6.3 Kayan yaji

Tafarnuwa tana da sinadarin alisin, wanda ba ya fitowa sai an daka ta ko an tauna. Kanumfari yana da yujinol, shi ne yake kashe zafin haƙori. Kurkum yana da kurkumin, mai ba shi launin rawaya. Citta kuma an tabbatar tana rage tashin zuciya. Dukkansu sun nuna ƙarfi a kan ƙwayar tumbi a cikin kwanon gwaji. Amma da aka koma kan mutane, sai labari ya sha bamban. A 1999 a birnin Houston na Amurka an ciyar da masu ɗauke da ƙwayar tafarnuwa mai yawa, wasu lokutan kuma barkono, ba a ga ta ragu ba. A 2007 a Italiya an ba mutum 25 wani haɗi mai kurkumin na kwana 7. Ciwonsu ya yi sauƙi ƙwarai, amma mutum 3 kacal ƙwayar ta rabu da su. Wannan shi ne labarin Kawu a rubuce.

Duk da haka, ba a ce tafarnuwa aikin banza ba ce. A gundumar Linqu ta ƙasar Sin an fara wani bincike a 1995 a kan mutum 3,365, aka bi su shekara 22. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna maganin asibiti na mako biyu ya rage kamuwa da dajin tumbi da kusan rabi, sannan waɗanda suka sha sinadarin tafarnuwa na kimanin shekara 7 sun sami raguwar mutuwa daga wannan daji.

6.4 Habbatus sauda da zuma

Waɗannan biyu suna da matsayi na musamman a zuciyar Musulmi, domin an ambaci zuma a Suratun Nahli, hadisai ingantattu kuma sun zo a kan falalar habbatus sauda a Buhari da Muslim. Babban sinadarin habbatus sauda shi ne taimokwinon. A 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Alkhobar ta Saudiyya a kan marasa lafiya 88. Waɗanda aka ba cikakken maganin asibiti, kashi 82.6 cikin 100 sun rabu da ƙwayar. Waɗanda aka ba giram 2 na garin habbatus sauda a kullum tare da omefirazol, kashi 66.7 sun rabu da ita. Masu giram 1 da masu giram 3 kuwa ba su kai rabi ba. Wannan sakamako yana da ƙarfafa gwiwa, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma ba ita kaɗai aka ba su ba. Ya kuma koya mana cewa yawan awo ba shi ne yawan amfani ba. Ita ma zuma tana kashe ƙwayar a kwanon gwaji, tana kuma sanyaya ciki, amma ɗan gwajin da aka yi a kan mutane a 1999 bai nuna ta kawar da ita ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani umarni ne na shari'a, kuma sanin awo da sanin ciwon da ya dace da kowane magani aikin masana ne.

6.5 Kanwa

Kanwa ba itace ba ce, amma da wuya a yi jiƙon ciki babu ita. Aikinta a fili yake: tana kashe kaifin asid nan take, iska ta taso, a yi gyatsa, a ji sanyi. Bayan ɗan lokaci tumbi ya sake zubo wani asid ɗin. Ba ta taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan. Daɗin daɗawa, tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, wanda yake da haɗari ga mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ko zuciya. Likitocin Zariya, Davidson da Parry, tun shekarun 1970 suka danganta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da yake kama masu jego.

7.0 Me Ya Sa Kwanon Gwaji Ya Bambanta da Cikin Mutum?

Dalili na farko, a kwanon gwaji ƙwayar a fili take, maganin yana kwana a kanta. A tumbi kuwa tana ƙarƙashin majina, jiƙon da aka sha kuma cikin 'yan sa'o'i ya wuce hanji. Na biyu, asid yana lalata wasu sinadaran kafin su yi aiki. Na uku, ƙarfin itace yana bambanta. Sassaƙen da aka saro da rani daban yake da na damina, na jigawa daban da na fadama, sabo daban da wanda ya shekara a rana a bakin titi. Idan aka ce a sha kofi ɗaya, ba wanda ya san yawan sinadarin da yake cikin kofin. Na huɗu, jiƙon da ya kwana uku a ruwan da ba a tafasa ba yana iya zama gidan wasu ƙwayoyin cutar. Na biyar, abin da yake da ƙarfin kashe ƙwayar cuta yana da ƙarfin taɓa hanta da ƙoda idan ya yi yawa, balle ga mai ciki da ƙaramin yaro.

Waɗannan matsaloli duk suna da mafita, kuma an taɓa yi a ƙasar nan. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da take Idu a Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi na ciwon sikila daga hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo. A cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Aka auna shi, aka gwada a kan dabbobi, sannan mutane, aka fitar da maganin Niprisan, aka yi masa rajistar mallaka a 1998 tare da sunan mai maganin a ciki. Irin wannan aiki ne marke da sabara da kandare suke jira daga jami'o'inmu.

8.0 Shawarwari

Ga mai ciwo da iyalinsa: duk ciwon ƙahon zuciya da ya wuce 'yan makonni yana dawowa, a je a yi gwaji. Gwajin bayan gida da na numfashi su ne suke nuna ƙwayar tana nan a raye. Gwajin jini yana iya nuna alamarta ko bayan an warke. Kafin gwaji akan dakatar da omefirazol mako 2, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba sai ta ɓuya. Idan an ba da magani a shanye shi duka, a sake gwaji bayan aƙalla mako 4. A gaya wa likita kowane jiƙo ake sha, ba abin kunya ba ne. Zuma da citta da habbatus sauda daidai misali suna iya zama mataimaka, sai dai ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Alamomin da ba a jira da su: aman jini ko amai mai kama da dusar gahawa, baƙin bayan gida, rama ba dalili, wahalar haɗiya, amai ba ƙaƙƙautawa, ɗashewar ido da tafin hannu, ko ciki ya ƙulle ya yi tauri kamar katako. Haka kuma dattijon da ciwon ciki ya fara masa da girma. Waɗannan sai asibiti, a ranar.

Ga masu maganin gargajiya: mai magani na ƙwarai shi ne wanda ya san iyakarsa. A tsaftace ruwa da mazubi, a daina shelar cewa kwalba ɗaya tana maganin olsa da taifod da basir da sanyi. Jama'a kuma su sani, lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba maganin ba a ga cutarwa ba a awon da aka faɗa. Ba shaida ba ce cewa yana warkarwa.

Ga malaman makaranta: rigakafi ya fi magani. A koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi da kafin cin abinci. Annobar kwalara ta 1995 zuwa 1996 ta kama mutum 5,600 a Kano, ta kashe 340, kuma bincike ya danganta ta da ruwan talla da rashin wanke hannu da sabulu. A wanke ganyen lambu sosai, ganin cewa da ruwan Jakara, wanda yake kwashe ƙazantar unguwanninmu, ake ban-ruwan wasu lambunan. Mai amai da gudawa kuwa, ruwan gishiri da sukari ne farkon taimakonsa kafin a kai shi asibiti, ba jiƙo ba. Sannan a ba ɗalibai aikin gida: kowa ya zauna da kakarsa ya rubuto sunan itace biyar, da ɓangaren da ake amfani da shi, da lokacin ɗiba, da yadda ake haɗawa, da wanda aka hana ya sha. A adana waɗannan a makaranta, a aiko da kwafi Gidan Ɗan Hausa. Ranar 31 ga Agusta, wadda ake bikin maganin gargajiya na Afirka tun 2003, ta dace da baje kolin irin wannan aiki.

9.0 Kammalawa

Sunayen unguwanninmu shaida ne a kan zaman Bakano da itace: Kurna, Dorayi, Giginyu, Durumin Iya, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka. A yau gine-gine sun cinye yawancin itatuwan, masu sassaƙe sai sun yi nisa cikin daji kafin su sami marke ko maɗaci, tsofaffin da suka san sirrinsu kuma suna ta tafiya. Idan ba mu rubuta ba, ba mu dasa ba, ba mu kai ɗakin gwaji ba, wata rana daga waje za a kawo mana su a kwalba mu saya da tsada.

A wannan maƙala an ga cewa itatuwan da muka gada suna ɗauke da sinadarai na gaske, wasu suna kwantar da ciwo, wasu suna kashe ƙwayar cuta a kwanon gwaji, habbatus sauda kuma ta nuna alamar alheri a jikin mutane. An kuma ga cewa har yanzu babu ɗayansu da aka tabbatar zai maye gurbin maganin kwana 14. Lafawar ciwo daban, mutuwar ƙwayar cuta daban, kuma a tsakanin waɗannan biyu Kawu ya kusa rasa ransa. Bayan ya warke bai jefar da kwalbarsa ba, yakan jiƙa citta da kanumfari saboda sanyin hunturu. Amma duk abokin sana'arsa da ya gani yana dafe ƙahon zuciya, shi da kansa yake rufe shago ya raka shi gwaji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu amfana da abin da suka bar mana. Amin.